Wasiƙa daga Ayowa: takin da aka rufe wa ƙofa da manomin da ba a tambaya ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaisuwa da fatan alheri, ina kuma yi wa manomanmu barka da aiki.

Wasiƙar yau a kan taki ce, amma ba yuriya ko kamfa da kuka saba kukan tsadarsu ba. Wani taki ne mai suna amoniyam salfet, wanda hukumomin Amurka ke zaman shari'a a kansa duk bayan shekara biyar. Ina aiki ne a wata cibiyar sayar da kayan noma a jihar Ayowa, inda masara da waken soya suka mamaye ko'ina, kuma da zarar ƙanƙara ta narke wannan takin na cikin abin da muke lodawa safe da yamma. A nan ba a maganar buhu. Tan-tan ake aunawa, a gauraya a injin, a zuba a mota.

Kashi 21 cikin ɗari na takin naitirojin ne, kashi 24 kuma farar wuta. Yuriya tana da naitirojin kashi 46, don haka ba wanda ke sayen salfet saboda naitirojin kaɗai, farar wutar ake bi. Dattawan manoman nan sun ce a da ba su san ana sayen farar wuta ba. Hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona kwal ne ke tashi da ita sama, ruwan sama ya sauko musu da ita kyauta, duk da ɓarnar da yake yi wa dazuzzuka da tafkuna. Da aka tsaurara dokar tsabtace iska a 1990, hayaƙin ya ragu, gonaki suka fara nuna yunwa. Na sha tsayawa a gona ana nuna mini alamar: sabon ganyen da ke can saman masara ya yi ɗorawa-ɗorawa da zane-zane a tsaye, alhali na ƙasa kore shar. In da naitirojin ne ya gaza, tsofaffin ganyayen ƙasa ne za su fara yin rawaya. Mai gona a Giwa ko Dawanau ya riƙe wannan bambancin, domin ƙasarmu ma a wurare da dama tana ƙarancin farar wuta, kuma ƙara yuriya ba ya maganinsa.

Abin da ya sa takin ya zama abin rigima shi ne yadda ake samunsa. Kaso mai yawa ba don kansa ake yin sa ba, rara ce da ke fitowa wajen sarrafa wani abu. Masana'antun da ke haɗa kafrolaktam, sinadarin da ake yin zaren nailan da shi, suna fitar da shi da yawa, haka ma inda ake gasa kwal don narka ƙarfe. A Amurka babbar masana'antarsa tana garin Hopewell a jihar Bajiniya, ta kamfanin AdvanSix, kuma ita ma asalinta ta nailan ce. Ƙasar Sin ta gina irin waɗannan masana'antu barkatai, salfet ya taru mata fiye da abin da gonakinta za su sha. Kamar dusa ce a wurin mai injin niƙa: ribarsa tana cikin gari, dusar kuwa ko nawa aka taya zai sallama, muddin za a kwashe ta a ba shi wuri.

Tsakanin 2013 da 2015 salfet ɗin Sin da ke shigowa Amurka ya ninka sau da yawa. A watan Mayun 2016 kamfanin PCI Nitrogen na garin Pasadena a jihar Teksas ya kai ƙara, yana cewa ana jibge musu kaya a farashin da bai kai na gaskiya ba, kuma gwamnatin Sin na tallafa wa masu yin sa. Irin wannan ƙara hukumomi biyu ke raba ta. Ma'aikatar Kasuwanci ce ke lissafin ko an karya farashi, da kuma nawa aka karya. Hukumar Cinikayyar Ƙasa da Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da ITC, ita ke duba ko masana'antun gida sun cutu. Sai duka biyun sun ce e kafin a ɗora haraji. Sun kuwa ce e, kuma a watan Maris na 2017 aka sa harajin hana jibge kaya na kashi 493.46 cikin ɗari, da na rama tallafi na kashi 206.72. Wato kayan dala 100 sai an ajiye musu wajen dala 700 a kwastan, kuma ɗan kasuwar Amurka da ya shigo da su ne zai biya, ba Beijin ba. Wa zai yi wannan ciniki? Kayan suka ɗauke ƙafa.

Kada wannan 493.46 ta ruɗe ku da ɗigonta, har ku ɗauka wani ya je masana'antun Sin ya bi littattafansu layi-layi. Kamfanonin da aka zaɓa don bincike ba su ba da haɗin kai ba, doka kuma ta ce wanda ya ƙi amsa tambaya ana iya ɗaukar lissafin da ya fi yi masa tsauri. Sai aka ɗauko adadin daga takardar mai ƙara. Ƙari a kan haka, Amurka ba ta yarda farashin cikin Sin na kasuwa ne ba, don haka da farashin wata ƙasa daban ake ƙiyasta kuɗin sarrafa kayansu.

To, irin wannan haraji ba a bar shi ya dawwama haka kawai ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wadda 'yar ƙasarmu Ngozi Okonjo-Iweala ke jagoranta tun 2021, ta ce ya faɗi bayan shekara biyar, sai fa in an yi bita an ga cire shi zai dawo da jibgewar da kuma cutarwar. In ba kamfanin gida ko ɗaya da ya fito ya ce yana so a ci gaba, a dokar Amurka soke shi ake yi. An buɗe bitar salfet ranar 1 ga Fabrairun 2022. Kafin watan ya ƙare Rasha ta afka wa Yukiren, farashin taki da dama can yake sama ya ƙara tashi. A shekarar na ga manoma suna tsaye a kan kanta da takardar gwajin ƙasa a hannu, suna soke layi da biro, wannan gonar a rage mata, waccan a bar ta sai baɗi. Wani dattijo da ke sayayya a wurinmu ya tambaye ni ko akwai mai arha da bai kai wannan kyau ba. Akwai shi a duniya, amma ba zai iya shigowa ba.

ITC ta yi cikakkiyar bita, ba ta gaggawa ba, kuma a farkon 2023 ta yanke cewa cire harajin zai iya dawo da cutarwa ga masana'antun gida. Aka sabunta shi na wasu shekara biyar.

In don bin doka ne, ban ga laifin hukuncin ba. Sin ce ta fi kowace ƙasa fitar da wannan taki, sama da tan miliyan 10 a shekara, abin da ya ninka duk bukatar Amurka. Ko a ƙarshen 2021 da ta taƙaita fitar da yuriya da takin fosfet don ta wadata manomanta, salfet ta bar shi yana fita. In aka buɗe masa ƙofa, shigowa zai yi kamar ambaliya, masana'anta irin ta Pasadena kuma ba za ta iya gogayya da wanda rara yake zubarwa ba. Damuwata tana ga tambayar da doka ta ba alƙalan. An ce su duba halin mai sarrafa taki. Ba a ce su auna asarar mai sayensa ba. Ƙungiyoyin manoma na iya rubuta takarda, a karɓa a sa a fayil, amma tsadar da ta hana mutum ciyar da gonarsa ba ta cikin abin da ake ɗorawa a sikeli. Kujerun hukumar shida ne, kuma in ƙuri'a ta zo kunnen doki, mai neman haraji ne ya ci. Ma'aikatan masana'antun suna da lauyoyi da alƙaluma a jere, manoman kuwa sun fi su yawa nesa ba kusa ba, sai dai asarar ta rarrabu a kansu kaɗan-kaɗan, ba wanda tasa ta kai ya ɗauki lauya a Washinton.

Ba kullum mai ƙara ke nasara ba, gaskiya. A watan Yulin 2022 wannan hukumar ta ƙi amincewa da haraji a kan takin naitirojin na ruwa daga Rasha da Tirinidad, manoman masara suka yi ta murna. Amma ko a nan dalilin shi ne ba a ga kamfanonin gida sun cutu ba. Maƙwabciyarsu Meziko ta bi wata hanya. A lokacin ita ma tana da harajin hana jibge salfet, wanda abin dariya har da na Amurka ya shafa ban da na Sin. A watan Mayun 2022 gwamnatinta ta sa dakatar da shi cikin matakan rage tsadar abinci.

Takin da aka hana shiga nan bai ɓace ba. Jiragen sun karkata zuwa Burazil, wadda ta fi kowa sayensa, da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, wani kuma ya iso Afirka, domin masana'antun haɗa kamfa na Najeriya na shigo da salfet cikin kayan haɗinsu. Wanda ba shi da masana'antar da zai kare, arhar nan alheri ce gare shi.

Mu ma ai mun san ɗaya gefen. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki, ya kuma ga yadda atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, ba sai an yi masa bayanin jibge kaya ba. Muna da dokar hana hakan tun 1958, amma abin da muka saba gani shi ne a wayi gari da sanarwa: an hana dala ga masu shigo da kaya iri kaza, kamar yadda Babban Banki ya fara a 2015 ya kuma janye a 2023, ko an rufe iyakoki kamar a 2019. Ba zaman sauraron hujja a bainar jama'a, ba ranar da aka yanka don a dawo a duba ko wanda aka kare ya tsaya da ƙafarsa. Tsarin nan na Amurka, duk da ya bar manomi a bakin ƙofa, aƙalla yana tilasta wa mai cin moriyar kariya ya fito da littattafansa duk shekara biyar. In za mu ɗauka, mu ƙara kujerar da suka manta, ta mai saye.

Bita ta gaba za ta zo ne wajen farkon 2028. Abin da zan sa wa ido shi ne ko kamfanonin Sin za su zo su amsa tambayoyi a wannan karon, domin muddin suka sake yin shiru, adadin nan na 493.46 zai zauna daram yadda yake. In Allah ya kai mu zan rubuto muku yadda ta kaya.

A gaida mutanen gida duka. Allah ya ba da damina mai albarka.

Naku,
daga Ayowa, Amurka