Asalin karen bull terrier da abin da farin gashi ya jawo masa

Karen bull terrier yana da kai mai siffar ƙwai, wanda ya gangaro daga goshi zuwa hanci babu lanƙwasa, ga ƙananan idanu masu kusurwa uku da suka nutse a ciki, ga ƙirji mai faɗi. Masu kiwo ne suka tsara wannan siffa sannu a hankali a Ingila, kuma tushen tarihinta ba mai daɗin ji ba ne.

A farkon ƙarni na 19, Turawan Ingila suna da wasan ɗaure bijimi a turke su sako masa karnukan bulldog, jama'a na kallo suna caca. Da majalisar dokokin Birtaniya ta haramta wasan a 1835, sai masu shi suka koma haɗa karnuka faɗa a ɓoye, da gasar kashe ɓeraye a cikin rami. Don haka aka riƙa haɗa bulldog mai ƙarfin muƙamuƙi barbara da karnukan terrier, wato ƙananan karnukan farauta masu zafin nama, aka samu wani kare da ba ya ja da baya ko an yi masa jina-jina.

James Hinks, wani dillalin karnuka a Birmingham, shi ne ya sauya akalar lamarin. Ya haɗa waɗannan karnuka da wani farin terrier na Ingila, wanda irinsa ya ƙare yanzu, domin ya samu kare fari fat mai tsawon fuska da ya dace da wurin baje koli, kuma ya nuna irin nasa a Landan a 1862. Masu hannu da shuni suka yi rububinsa. A 1895 aka hana yanke wa karnukan baje koli kunnuwa a Ingila, abin da ya sa masu kiwo suka dage har suka samu kunnuwa masu miƙewa da kansu. Kan nan mai siffar ƙwai kuwa sai daga baya ya bayyana, kuma ana danganta farkonsa da wani kare mai suna Lord Gladiator na 1917.

Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne farin gashin da aka nace a kansa, domin ya zo da kurumta. Ana haifar wasu kwikwiyo ba sa ji da kunne ɗaya ko duka biyun, a kira su ba su waiwaya ba, a ɗauka taurin kai ne, alhali kwaɗayin kyan gani ne ya jefa su cikin wannan hali. A farkon ƙarni na 20 Ted Lyon da wasu masu kiwo suka shigo da jinin karnukan Staffordshire, wasu dangin bull terrier da ba farare zalla ba, don a samu masu launi, duk da adawar masu son fari zalla. A yau masu kiwo na ƙwarai suna kai kwikwiyo wurin likitan dabbobi a gwada jinsu da na'ura kafin su sayar.