Tarihin Rayuwata (17): Aikina a gidan marayu

Makon jiya na tsaya ne a inda iddata ta cika, na dawo gidan Baba Malam a Ƙofar Marusa da Safiya a goye. Masu son jin yadda aka ƙare da kayan ɗakina su yi haƙuri, ba yau ba.

Goggo Abu ce ta samo mani aikin raino a wani gidan marayu nan cikin Katsina. Ba zan kama sunan gidan ba, don ɗiyan da muka raina sun zama magidanta. Lokacin ba a daɗe da cire mu daga Kaduna ba, wato bayan 1987, kowa yana neman aikin ofis, ni kuwa wanki da wanka Allah ya nufe ni da su. Ranar da ta raka ni, a bakin ƙofa ta riƙe mani hannu ta ce, "Ladi, ɗan da ba a duba shi da dare ba, ba a raine shi ba." Ba ta ƙara komai ba ta juya.

Da rana kowane gidan marayu lafiya lau yake. An yi shara, an sha koko, manya sun tafi makaranta, ƙanana suna wasa a gindin darbejiya. Sai an kashe fitila aikin yake fitowa. Zazzaɓi ya hau, mai fitsarin kwance ya farka cikin sanyi yana jin kunyar tada kowa, wanda aka kawo jiya ya fara kiran uwar da ba za ta amsa ba. Ga ƙazuwa, wadda ƙaiƙayinta da dare yake tsananta. Na sha haska tocila in ga yaro yana barci yana susar tsakanin yatsunsa har jini. Duk wadda ta yi raino ta san idan ƙazuwa ta shiga ɗaki, ɗakin gaba ɗaya ake shafa wa magani a rana guda, a wanke tufafi da zannuwan shimfiɗa da ruwan zafi, a baza katifu a rana. Hajiya Babba kuwa, mai riƙe da makullin sito, sai ta ƙirga masu ƙuraje kawai ta ba da maganinsu. Su warke, na kusa da su ya sake shafa masu, haka muka ci damina guda.

Idan na ce, "Hajiya, sabulu ya ƙare, ga hunturu ya shigo yara sun fara faso, a taimaka mana da man shafawa da itacen ɗumama ruwa," sai ta ce, "Ke dai kin cika ƙorafi. Ai sun fi almajirai gata." Wannan magana har yau tana ci mani rai. Wato ma'auninta shi ne yaron da ke yawo da roba, muddin namu bai kai can ba an sauke nauyi. Ranar da labari ya fito a watan Oktoban 2019 cewa 'yan sanda sun shiga wani gidan mari a Daura sun fito da mutane da sasari a ƙafa, bayan na Rigasa a Kaduna, kwanaki kaɗan kuma aka rufe wani a nan cikin Katsina, ita na fara tunowa. Mu ba mu da mari, Allah ya kiyaye, amma ƙofar da ba mai leƙawa sai da sanarwa iri ɗaya ce. Na ji an yi dokar kare yara a jiharmu a 2020, ta tarayya kuma tun 2003 take. Madalla. Ni dai abin da nake so in ji an tsayar shi ne yara nawa mace ɗaya za ta kwana da su, kuma wa zai zo duba gidan ba tare da an san da zuwansa ba. Ni kaɗai nake kwana da ɗaki biyu, har da jarirai masu shan madara.

Akwai Sama'ila. An tsince shi a tasha, bai fi shekara biyar ba. Kullum sai an tarar da tuwo a ƙarƙashin katifarsa, wani ya yi tsami, tururuwa sun yanyame. Hajiya ta sa mashi suna ɓarawo, ta zane shi, washegari ya sake. Da na kai wa Goggo labarin sai ta ce, "Ba sata yake ba, bai yarda gobe ma za a ba shi ba ne." Na riƙa rage tuwona a ƙaramin kwano, in rufe da faifai, in aje a saitin kansa in ce, "Ga naka nan, ba mai taɓawa." Da farko cikin dare yake cinyewa. Daga baya sai dai ya miƙa hannu ya taɓa faifan ya koma barci. Kafin sallar layya ya daina ɓoyo. Yanzu yana da shagon walda da ɗiya huɗu, kuma ba ya kirana da komai sai Inna.

Masu kawo buhunan shinkafa da azumi, Allah ya saka masu, duk sun san hadisin mai ɗaukar nauyin maraya da yatsu biyu na Annabi (SAW). Sai dai ranar zuwansu ake fito da sabbin kaya, suna tafiya a tuɓe a mai da sito. Ba wanda ya taɓa tambayata wa ke kwana da su. Ba wanda ya tambayi dalilin da masu raino ba su daɗewa, albashi ya yi wata da watanni bai fito ba, yaro ya saba da wannan ya fara ce mata Mama ta tafi, har ya gaji ya daina sabawa da kowa. Wannan ba a ganinsa a hoto, da dare ake ganinsa, kamar yadda Goggo ta faɗa.

Yaya Hajo kuma, tunda na san ana karanta mata, ban manta sunan da ta sa mani a gidan sunan Bilki ba, wai mai wankin kashin ɗiyan da ba a san ubansu ba. Da ta kwanta ciwon ƙafa shekaran bara, a Keke Napep ɗin ɗaya daga cikin yaran nan aka riƙa kai ta asibiti, bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda littafin sito ya faɗo hannuna da abin da ya sa aka sallame ni ana saura kwana kaɗan sallah.