Sati na uku: kalma uku na rubuta wa AI, ya ɗora wa mutum bashin miliyan huɗu da rabi

Salam ƴan uwa masu koyo, ga inda na tsaya satin nan.

Wanda bai ga na baya ba, littafin bashi na shagon yayana nake kwashewa zuwa SQLite, wato manhajar rumbun adana bayanai, tebur uku ne kacal, kwastomomi da kaya da bashi. Satin nan na jona shi da wakilin AI ta MCP, tsarin nan na haɗa AI da kayan aiki da bayanai wanda kamfanin Anthropic suka fitar a Nuwamba 2024, don Yaya ya dinga rubuta tambaya da Hausarsa a waya ya samu amsa ba sai ya kira ni ina tsakiyar barci ba. A MCP abin da AI ke dogara da shi game da kowane kayan aiki shi ne suna, bayani, sai tsarin abin da za a shigar wanda ake rubutawa da JSON Schema. Kod ɗinka baya gani, abin da ke kanka ma baya gani. Na san wannan a karatu fa, amma duk da haka bayanin da na rubuta shi ne "yana gudanar SQL" (SQL shi ne harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi). Lalaci ne kawai ba wani abu ba.

Ran Talata Yaya ya tambaya nawa ake bin wani kwastomansa mai shayi, AI ya amsa da ƙarfin gwiwa wai naira 4,500,000. Yaya ya miƙo min wayar yace "kai wannan injin naka so yake ya haɗa ni faɗa da mutane, mai shayin ne zan bi miliyan huɗu?" Bashin 45,000 ne. Ni ne na adana kuɗin a kobo, lamba cikakkiya, don gudun kuskuren da lambobi masu ɗigo ke kawowa a lissafi, kuma na sa wa kolum ɗin suna "adadi" kawai. To adadin me? Ko sabon yaron shago ka miƙa wa littafi haka ba bayani abin da zai karanta kenan, kuma shi yaron ma zai iya ɗaga kai yace Oga wannan naira ne ko kobo, AI kuwa sau da yawa hasashe yake ya wuce.

Ga yadda na sake rubuta bayanin, wannan karon na kayan aikin duba bashi kaɗai: "Yana dawo da bashin kwastoma ɗaya wanda ba a biya ba. Kuɗin a KOBO suke, raba da 100 kafin ka faɗa a naira. Kwanan wata shekara-wata-rana ne, misali 2025-03-09. In sunan ya dace da mutum fiye da ɗaya kar ka zaɓa, tambayi mai shago. Ba na jimillar cinikin wata bane." Layin ƙarshen nan ya fi amfani fiye da zatona, faɗin inda ba a amfani da abu shima bayani ne.

Abin da ya cinye min kwana biyu kuwa haruffa masu ƙugiya ne. LIKE, umarnin neman kalma na SQLite, baya bambance babban harafi da ƙarami, amma fa ga haruffan ASCII kaɗai, wato A zuwa Z na Turanci, Ƙ da ƙ a wurinsa baƙin juna ne. AI ya nemi "ƙwai" ya dawo yace babu a shago alhali kiret na nan jibge, saboda "Ƙwai" na shigar da babban harafi, sannan yaron da ya taya ni shigarwa ya rubuta kwai a wasu layukan, k'wai a wasu, kowa da kibod ɗinsa. Na ƙara kolum mai suna suna_nema wanda duk ƙananan haruffa ne ba ƙugiya, na rubuta a bayanin cewa a nan ake bincike kuma a cire ƙugiya kafin a nema. Mai aiki da bayanan Hausa ya gwada wannan tun yau wallahi.

Kayan aikin SQL ɗin kam ban cire ba, na dai buɗe rumbun da mode=ro wato karatu kaɗai, na kuma sa iyakar layi 50 na faɗa a bayanin. Kar wanda ya rubuta "kada ka goge komai" ya ɗauka ya kulle ƙofa, roƙo ne wannan, kwaɗon a kod ake saka shi. Saƙon kuskure ma na gyara, in AI ya ambaci kolum ɗin da babu sai a jero masa waɗanda ke akwai, kuma na ga yana gyara kansa a gwaji na biyu.

Saura masu biyan rabi. Wasu layukan na bar wajen biya fanko wato NULL, wasu na sa 0, kuma ni kaina na manta me na nufa da bambancin lokacin da nake shigarwa, sai na zauna da Yaya da ainihin littafin ran Asabar kafin in rubuta wa AI komai a kai.