Neman oktopus irin na Fotugal, daga Lisbon zuwa Accra

A gidanmu da ke unguwar Nima a Accra, oktopus, dabbar tekun nan mai ƙafafu takwas, bai taɓa shiga lissafin abinci ba. Abu ne da muke gani a tire a kan matan ƙabilar Ga masu talla a bakin tekun Labadi, an yanyanka shi an soya har ya ƙandare, ana sayar da shi da shito, wato soyayyen yajinmu na Gana, kuma idan mutum ya jefa yanka ɗaya a baki sai ya yi ta tauna har muƙamuƙinsa ya gaji. Mahaifiyata, wadda ta daɗe tana sayar da wake da shinkafa a bakin layinmu, takan ce duk abin da ba shi da ƙaya kuma ba shi da ƙashi ba ta san ta inda za ta fara yarda da shi ba. Ko suna ma ba mu yi masa ba a Hausa. Na ga wasu suna rubuta "dorinar ruwa" a intanet, amma duk wanda ya tashi da Hausa ya san dorina wata dabba ce dabam, mai ƙafa huɗu da ƙaton baki. Saboda haka zan kira shi oktopus kamar yadda ake kiransa a kasuwa, ko kuma polvo, domin da wannan sunan ne yake a takardar abincin mutanen Fotugal.

Da tafiya ta kama ni zuwa Lisbon wurin ɗan kawuna da ke aiki a can, sai da na fara biyawa wurin malaminmu a Maamobi. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne, ya karanto mini aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, ya kuma bayyana cewa Hanafawa ne suka taƙaita halaccin ga kifi kawai. Da na tashi tafiya sai ya ƙara da cewa in sa ido a kan abin da ake zubawa a tukunya, domin Turawa suna girki da giya kamar yadda muke girki da daddawa. Wannan gargaɗin ya yi mini amfani fiye da yadda na zata.

Cin farko da na yi a Lisbon asara ce. Na fita ni kaɗai zuwa unguwar Baixa, inda baƙi suke cika, wani saurayi da ke tsaye a ƙofar gidan abinci riƙe da takarda mai hotuna da harsuna biyar ya tare ni da fara'a, ni kuwa na bi shi. Abin da aka ajiye mini ƙafar oktopus ce guda ɗaya, siririya, bayanta ya ƙone cikinta kuma kamar gandar da ba ta ji wuta ba, ga dankali soyayye irin wanda ake samu ko'ina a duniya. Da aka kawo takardar kuɗi sai na ga har burodi da 'ya'yan zaitun da aka ajiye tun ban nema ba an saka su a lissafi. Daga baya na fahimci wannan ba zamba ba ce, al'adarsu ce da suke kira couvert: abin da ka taɓa ka biya, abin da ba ka so sai ka ce a ɗauke. Zambar tana cikin farantin.

Ɗan kawuna ya yi mini dariya har da ƙwalla. "Yaya," in ji shi, "gidan da abincinsa ke da daɗi ba ya ajiye mai kiran mutane a ƙofa." Ranar Asabar da azahar muka shiga jirgin ruwa daga Cais do Sodré muka tsallaka kogin Tejo zuwa Cacilhas, ya kai ni wani ɗan ƙaramin gidan abinci irin wanda suke kira tasca, mai tebura ba su fi goma ba, an shimfiɗa musu takarda maimakon ƙyalle, an rubuta abincin ranar da hannu an manna a jikin gilashi. Mutanen da ke ciki ma'aikata ne da tsofaffin unguwa, kuma ban ji wani harshe ba sai nasu.

A nan na fara ganin polvo à lagareiro. An kawo shi a cikin kasko na ƙasa yana tsuwwa, ƙafafu biyu masu kauri kamar damtsen yaro, launinsu ja mai duhu, bakinsu ya ɗan babbake ya naɗe. A gefensu ƙananan dankalin turawa ne da ɓawonsu, kowanne ya tsage ya baje, ga tafarnuwa zube a ko'ina, dukansu kuma suna zaune a cikin man zaitun da ya kai rabin yatsa a gindin kaskon. Na ɗora wuƙa, sai ta wuce ba tare da na danna ba. Naman fari ne tas a ciki, yana da laushi amma bai dagargaje ba, ga ɗan zaƙi irin na kaguwa, sannan ƙananan kofunan nan da yake manne abu da su suna nan a jikinsa ba su zube ba. Wannan na ƙarshe shi ne abin da nake fara dubawa har yau, domin idan aka wuce ƙa'ida wajen tafasawa fatar takan saɓule, kofunan su zube, naman ya koma kamar auduga.

Sunan abincin kansa yana gaya wa mutum abin da zai nema. Lagar shi ne wurin da ake matse zaitun a fitar da mai, lagareiro kuma shi ne ma'aikacin wurin, wato mutumin da mai bai taɓa yi masa ƙaranci ba. Don haka farantin da aka ɗiga wa mai kamar ana ba da magani bai cancanci sunan ba. Dankalin kuma suna kiransa batatas a murro, ma'ana dankalin da aka naushe, domin bayan an gasa shi da gishiri sai mai girki ya kai masa naushi ɗaya ya fashe, man ya samu hanyar shiga. Girkin ba shi da wani sirri: a tafasa oktopus da albasa har ya yi laushi, a sa shi a tanderu mai zafi da tafarnuwa da mai. Ba yaji, ba miya, ba abin da zai rufa wa mai girki asiri idan ya yi ganganci. Mu da muka saba da barkono muna iya ganin abin salam a loma ta farko, amma zuwa ta uku na samu kaina ina dangwala burodi a man nan kamar yadda tsohon da ke teburin kusa da mu yake yi.

Sauran girke-girken su ne ke buƙatar gargaɗin Malam. Arroz de polvo shinkafa ce da ake dafawa da ruwan da aka tafasa oktopus, ana kawo ta da ruwa-ruwa, wanda suke kira malandrinho, ba a warware kamar dafa-duka ba, kuma sau da yawa ana zuba mata giyar inabi, wasu ma har da tsiran alade da suke kira chouriço. Polvo guisado na tsibiran Azores kuwa da giya ake dafa shi tun asali, saboda haka na bar musu abinsu. Salada de polvo, wanda ake ci da sanyi da albasa da ganyen faski da ruwan khal da mai, na same shi ba matsala, haka ma filetes de polvo na birnin Porto, wanda ake tsomawa a fulawa da ƙwai a soya, ko da yake shinkafar da ke rako shi sai an tambaya. Kalmomi biyu na haddace, "Leva vinho?", wato akwai giya a ciki, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushin tambayar ba. A wani wuri ma matar da ke girkin ce ta leƙo da kanta ta girgiza kai, ta nuna mini wani abincin dabam.

Akwai wani kuskure da na je da shi daga gida, wanda duk mutumin bakin teku zai yi. Mu a Accra mun ɗauka abin da ya kwana a firiza ya ragu da daraja, amma oktopus ya saɓa wa wannan, domin ƙanƙara tana karya jijiyoyin namansa ta sa ya yi laushi, kuma masu girkin Fotugal da gangan suke daskarar da shi kafin su dafa. A da, dukansa ake yi a kan dutse. Sannan yana raguwa ƙwarai a wuta, har kusan rabin nauyinsa, abin da ya sa ba ya araha ko a can, kuma duk inda ka gan shi da arha fiye da kima to ka san ƙaramin ne ko kuma an rage hannu. Dokarsu ma ta hana kama wanda bai kai giram 750 ba. A kudancin ƙasar, a yankin Algarve, akwai ƙauyen Santa Luzia kusa da Tavira wanda ake wa kirari da babban birnin polvo, inda masunta suka gaji kama shi da tukwane da ake jerawa a igiya a saukar ƙasan teku, shi kuma ya shiga ya ɗauka ya samu ɗaki. Sunan tukunyar alcatruz, daga Larabci ya fito, kamar yadda azeite, sunan man zaitun, ya fito daga az-zait. Wani kaso mai yawa na oktopus ɗin da ake ci a Fotugal da Sifaniya kuwa daga tekun Maroko da Muritaniya ake kai shi, wato daga nahiyarmu.

Da na dawo gida na ɗauka neman ba zai yi wuya ba. Ai Turawan Fotugal ne suka fara isowa gaɓar nan a 1471, suka gina ganuwar Elmina a 1482, suka zauna har Turawan Holan suka ƙwace ta a 1637, kuma har yau mutanen Akan suna kiran burodi paanoo, daga pão ɗinsu. Amma girkinsu na oktopus bai zauna a nan ba. Na bi gidajen abinci na Osu da Labone da Cantonments ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aljihu ya yarda, abin da na fi tararwa kuwa shi ne gasasshen oktopus da aka ɗora a kan niƙaƙƙen dankali aka yi masa ado da ganye. Wasu suna yin na Galisiya, wanda ake yankawa ƙwaya-ƙwaya a barbaɗa masa jan garin tattasai a kan faranti na katako. Wannan abinci ne mai kyau, sai dai na arewacin Sifaniya ne, ko da mai gidan ya rantse na Fotugal ne. A wani wuri kuma abin da aka kawo mini ba oktopus ba ne ma sam, ɗan'uwansa ne mai farin jiki da ake yankawa zobe-zobe, domin a bakin masu talla da yawa a nan duk sunansu ɗaya.

Yanzu kafin in zauna a ko'ina nakan tambayi mai kawo abinci ko an tafasa shi kafin a gasa, da wane mai ake yi, kuma wane irin dankali ne zai rako shi. Idan ya tsaya yana kallon rufi, sai in nemi kifi. Idan kuwa ya ce bari ya tambayo kicin, to akwai alamar alheri. Ta haka na dace da wani ɗan wuri a bayan Osu, inda mai girkin ya taɓa aiki a jirgin kamun kifi tare da mutanen Fotugal. Babu abincin a takardarsa, amma ya ce idan na kira shi kwana ɗaya kafin in zo, zai samo babba daga tashar ruwa ta Tema ya kwanar da shi a firiza, da sharaɗin in biya kuɗin man zaitun dabam, domin kwalbarsa ba wasa ba ce a Accra.

Kawu na ɗauka muka je, mahaifin wanda ya kai ni Cacilhas, domin ya gaji da jin labari. Ya zauna ya gyara babbar rigarsa, ya daɗe yana kallon kaskon, sannan ya ɗauki cokali mai yatsu ya taɓa ƙafar kamar yana tsoron za ta motsa.

"Ka tabbata ba giya, ko?"

"Kawu, a gabana aka yi. Mai ne da tafarnuwa da gishiri."

Ya yi bisimilla ya ci yanka ɗaya, ya yi shiru, ya ƙara na biyu. Dankalin bai fashe yadda ya kamata ba, man kuma bai kai na Cacilhas ƙamshi ba, amma wuƙa ta wuce ba gardama kuma kofunan suna nan daram. Kawu ya ture cokalin gefe ya nemi ruwan wanke hannu, ya kuma ce wa yaron da ke tsaye ya taimaka ya kawo masa shito.