Ranar da buhu ya ja jirgi a Gidimuni

Asabar, tsakiyar hunturu.

Mun bar Damagaram bayan sallar asuba ta hanyar Gure, da hantsi muna bakin tafkin Gidimuni. Iskar arewa maso gabas tana kaɗawa, hazo ya rufe kan dabinai. Tsohon da ya karɓe mu ya yi shekaru yana su a Tafkin Cadi, wajen Bosso, can ya koyi ɗaura wa kwale-kwale buhu iska ta ja shi.

Jirgin na katako ne, gindinsa shimfiɗe, tsawonsa kamar mita 6. Tun jiya aka bar shi cikin ruwa, don a hunturu katako yana bushewa ya tsuke, haɗin ya buɗe, in ya kwana a ruwa sai ya kumbura ya rufe. Ɓarakar da ta ƙi rufewa an cusa mata tsumma da bakin wuƙa, aka bi da kwalta mai zafi.

Buhunan shinkafa huɗu aka farke aka haɗa da basilla. An ninka bakin, aka zura igiya ciki, domin ɗinki ɗaya ba ya jure iska, daga kusurwa yake fara yagewa. Gorar da ke tsaye mita 3 ce. Ta bi ta ramin katakon zama, wajen kashi ɗaya cikin uku daga goshin jirgi, ƙafarta ta zauna cikin guntun icen da aka kafe a ƙasa. In babu wannan icen, gorar tana zamewa ta fasa gindin jirgi. Wata siririyar gora ta tokare kusurwar sama a karkace.

Wani saurayi ya kama igiyar ƙasan buhun zai ɗaure ta a jikin jirgi. Tsohon ya riƙe hannunsa.

"Baba, hannu zai gaji."

"Ya gaji ɗin, yaro. Iska in ta bugo, sakewa za ka yi. Kafin ka kwance ƙulli mun kife."

Gaskiyarsa. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ba shi da abin da ke riƙe shi cikin ruwa, shi ya sa aka zaunar da kowa a ƙasa, aka ajiye rabin jarka kusa da ƙafa don kwarfe ruwa.

Da gora aka tura mu muka fita daga cikin kacalla. Buhun ya yi ta faɗa-faɗa, sai kawai ya cika, ya yi ciki, igiya ta miƙe. Aka ɗaga filafilai. Ba ka jin komai sai ruwa yana shafar katako da ƙarar gorar cikin raminta. Belbelu suka tashi gabanmu, ɗaya ta yi ƙasa har fiffikenta ya kusa taɓa ruwa. Tsohon yana baya da filafili ƙarƙashin hammata, yana gyara kan jirgi da ɗan murɗa wuyan hannu. Wannan ɗan lokacin na so ya daɗe, wallahi.

Irin wannan jirgi bayan iska kawai yake bi, in ka karkata shi da yawa sai ya riƙa zamewa gefe. Da muka kai ɗaya gaɓar aka zare gorar, aka naɗe buhu, muka dawo da filafili iska tana dukan fuska. Zuwa ba mu yi minti 20 ba, dawowa ta ci fiye da awa. Mun iske mata sun soya karfasa, muka ci da yaji kafin azahar.