Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Kulle Kaina a Waje

A makon jiya na tsaya inda shugaban sashenmu ya danƙa mini kula da suwic ɗin Cisco Catalyst 2960 da ke haɗa dukkan kwamfutocin ofishinmu na Kano. Abin da na tarar ya tayar mini da hankali, domin kalmar sirri guda ce kowa ke amfani da ita, har ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki, kuma an rubuta ta a takarda an manna a jikin akwatin na'urar.

Na'urorin Cisco suna da matakan izini 16, daga 0 zuwa 15. Wanda ke mataki na 1 dubawa kawai yake yi, alamarsa a allo ita ce >, amma wanda ya kai na 15, mai alamar #, yana iya rufe kowace kafar jona waya ko ya share saitin gaba ɗaya. Na ƙudurta cewa ni da shugaba ne kaɗai za mu riƙe na 15, ɗalibai kuma a ba su na 5, a buɗe musu umarnin da aikinsu ke buƙata. Na kuma sauya enable password da enable secret, wato hanyoyi biyu na sa kalmar sirrin shiga mataki na 15, saboda na farkon yana bayyana ƙarara ga duk wanda ya buɗe saitin.

Bayan la'asar na jona shuɗiyar wayar konsol, na buɗe PuTTY, manhajar da ake rubuta wa na'urar umarni da ita, a gudun 9600, na shiga line console 0, wato sashen saitin konsol ɗin. Na rage exec-timeout, wato lokacin da na'urar ke jira kafin ta fitar da mutum idan bai taɓa komai ba, daga minti 10 da ya zo da shi zuwa 5, sannan na rubuta login local, wato kada a bar kowa ya shiga sai da sunan da aka yi wa rajista a cikin na'urar. Sai aka kira ni waya. Da na dawo, minti 5 sun wuce, na'urar ta fitar da ni, allon yana neman suna, ni kuwa ban riga na ƙirƙiri ko ɗaya ba. Gumi ya keto mini duk da sanyin na'urar sanyaya ɗaki.

Na je na sanar da shugaba, na ce, "Yallaɓai, na kulle mu a waje." Ya dube ni ya ce, "Ka adana saitin?" Na ce a'a. Ya ce, "To, Malam, ka jira a tashi aiki, ka kashe ka kunna."

Abin da ya cece ni shi ne sabon saiti yana zaune a running-config, wato saitin da ke aiki a lokacin, kuma ba ya wuce kashe wuta sai an kwafe shi zuwa startup-config, wato saitin da na'urar ke ɗauka idan an kunna ta. Bayan magariba na zare wayar wuta na mayar, na ƙirƙiri sunayen tukuna, na gwada kowanne ta wata taga dabam kafin na adana. Mako mai zuwa zan kawo yadda wani ɗalibi ya zo yana ƙorafin cewa umarnin show running-config ba ya nuna masa komai a mataki na 5.