Daren da shagona ya tashi tsirara

Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare na gama ɗaga shagona na intanet daga Magento 2.4.1 zuwa 2.4.3, wato manhajar da shagon ke gudana a kanta. Composer, mai sauko da sabbin fayilolin manhajar, ya yi aikinsa, umarnin setup:upgrade ya wuce lafiya lau, har na fara miƙa ina shirin rufe kwamfuta. Da na buɗe shafin farko sai gabana ya faɗi. Fari fat, baƙin rubutu zube ba tsari, shuɗayen mahaɗai sun jeru a gefen hagu ɗaya bisa ɗaya. Hotunan kaya suna nan, amma maɓallin saka kaya a kwando ko sau goma ka danna shi ba ya motsi. Na leƙa ɓangaren gudanarwa, can ma haka, jerin zaɓin gefe ya ƙi buɗuwa.

Duk mai aiki da Magento ya san wannan ciwon: fayilolin CSS da JavaScript, masu ba shafi ado da motsi, ba sa isowa burawuza. Maganin da kowa ke fara kawowa shi ne setup:static-content:deploy -f, umarnin da ke sake fitar da waɗannan fayilolin. Na buga, na jira, na share kash, na sabunta shafi. Shiru. Na tuna harshen shagon en_GB ne, na gudanarwa kuma en_US, in ba ka ambaci duka biyun ba ɗaya na iya tashi hannu rabbana, sai na sake bugawa da su. Shiru. Na buga karo na uku ba don wani dalili ba, haushi ne kawai. Na duba izinin foldoji, na duba ko sabar tana kallon foldar pub, tunda daga 2.4.2 nan ne ƙofar shiga. Komai daidai. Saura ƙiris in buga chmod 777 a kan komai, wato in ba kowa izinin taɓa kowane fayil, Allah ya taimake ni na janye hannu, don wannan cire ƙyauren gida ne saboda makulli ya ƙi juyawa.

Sai wajen ƙarfe biyu na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na danna F12, na kalli abin da burawuza ke nema. Jajayen layuka reras, duk 404. A gefe kuma tana ƙorafin wai ta nemi CSS an miƙo mata text/html, wato shafin "ba a samu ba" ne ake ba ta a madadin fayil. Na kwafi adireshi guda na zuba masa ido. Bayan /static/ akwai kalmar version manne da doguwar lamba, sannan /frontend/, sunan jigon shagon, en_GB, css, styles-m.css. Na goge version ɗin da lambarta da hannu, na danna Enter. Sai ga fayil ya buɗe, cike da rubutunsa.

Ashe tun bugun farko fayilolin suna zaune a wurinsu.

Ga yadda abin yake. Babu wata folda mai suna version a cikin pub/static, ba a taɓa yin ta ba. Magento ne ke cusa lambar a adireshi, yana ɗauko ta daga deployed_version.txt, kuma tana canzawa duk sanda aka sake fitar da fayilolin, domin burawuzar mai saye ta daina riƙe tsohon kwafi. Wanda ke cire lambar kafin Apache, manhajar sabar, ya nemi fayil shi ne ɗan ƙaramin fayil mai suna .htaccess da ke cikin pub/static, da layi guda na RewriteRule. Na buga ls -la, mai nuna har ɓoyayyun fayiloli. Babu shi. Na koma tarihin umarnin da na buga a daren, sai ga aika-aikar da hannuna ya yi: rm -rf pub/static, umarnin goge folda. Na saba rubuta pub/static/* da tauraro a ƙarshe, shi kuwa tauraro ba ya taɓa fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo. Rannan gaggawa ta sa na bar shi, na kwashe foldar ɗungurungum har da mai gadinta. Deploy ya sake gina foldar, amma ba aikinsa ba ne ya dawo da .htaccess.

Akwai gajeriyar hanya da ake yawan ba mutane, a mayar da dev/static/sign sifili a teburin core_config_data. Tana aiki kam, lambar za ta ɓace daga adireshi, shago ya dawo hayyacinsa da zarar an share kash. Ni dai ban so ta ba. Gobe in na gyara JavaScript na shafin biyan kuɗi, wanda ya shigo jiya zai ci gaba da tsohon da burawuzarsa ta ajiye, shi ya kasa biya, ni kuma in duba a wajena in ga komai lafiya. Wannan ciwon ya fi na daren nan wuyar ganewa. Masu amfani da Nginx a madadin Apache kuwa .htaccess bai shafe su ba sam, tasu dokar tana cikin nginx.conf.sample, can za su duba. A Apache ma, ko fayil ɗin yana nan, in mod_rewrite a kashe yake ko AllowOverride bai ba da dama ba, jajayen layukan nan ne dai za su tarbe ka.

Kwafin asali yana nan cikin vendor/magento/magento2-base/pub/static. Na ɗauko shi da cp, na buga cache:flush, na danna Ctrl da F5. Shago ya sa rigarsa, kwando ya motsa, na gwada oda guda har ƙarshe ta wuce.

Kafin in tashi na ce bari in leƙa ajiyar da na yi kafin fara aikin, in ga ko da can zan iya samo shi. Babu. Rubutun da ke yi min ajiya shi ma da tauraro yake kwafa, duk tsawon lokacin nan bai taɓa ɗaukar .htaccess na babbar folda ba, pub/static kuwa da ma ni na cire ta daga jerin da kaina don tana cin wuri. Na gyara layin, agogo na nuna uku saura kwata.